Da gaske ruwan gwiwa yana ƙarewa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana da shekara 62, shekara biyu ke nan gwiwarta ta dama tana damunta, yanzu har sujada da zaman tahiya sun fara gagararta. Wani mai kemis ya ce ruwan gwiwarta ne ya ƙare, ta riƙa shan miyar kuɓewa da farfesun ƙafar sa, ta kuma rage tafiya. Ni ma shekarata 35, tawa gwiwar tana ƙara ƙas-ƙas in na miƙe daga tsugunno, amma ba ta ciwo. Don Allah mene ne a cikin gwiwa, yaya take aiki, kuma da gaske ruwan nan yana ƙarewa?

Amsa: Barka kadai Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da ƙarshen tambayarka, don a nan aka fi yi wa mutane ɓarna. Ruwan gwiwa ba ya ƙarewa. Gwiwa ba tankin babur ba ce da za a ce mai ya ƙone sai an ƙara. Ruwan da ke cikin lafiyayyar gwiwa bai ma cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma jiki yana sabunta shi kullum. Gwiwar da ke ciwo ma ita ce ta fi tara ruwa. Sau da yawa nakan sa sirinji in zuƙo mililita 40 ko 50 daga gwiwar dattijuwar da aka gaya wa nata ya ƙafe, in ɗaga mata ta gani da idonta. Miyar kuɓewa ba laifi, Hajiya ta sha abinta. Shawarar da ta dame ni ita ce ta rage tafiya, kuma in ka ga yadda aka gina gwiwa za ka gane dalili.

Ranar da ka shiga kasuwa, ka tsaya wajen mahauci ka ce ya buɗe maka gaɓar ƙafar bayan rago, ta saman nan da ke kusa da ciki. Kada ya sara ta, ya bi ta da wuƙa a hankali. Za ka ga kan ƙashin fari fat yana sheƙi kamar tangaran, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ka shafa da yatsa, yatsan ba zai tsaya ba don santsi, kuma wani ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwai zai biyo shi. Tsakanin ƙasusuwan akwai wasu abubuwa biyu masu tauri kamar roba, siffarsu ta jinjirin wata, a can tsakiya kuma fararen igiyoyi biyu sun gitta juna. Ta ɗan Adam haka take, bambancin kaɗan ne. Duk abin da zan faɗa daga nan, ka riƙa tuna wannan gaɓar.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya daga sama, wanda ya fi kowane ƙashi tsawo a jiki, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Akwai siririn ƙashi na huɗu da ke raɓe da ƙwauri ta waje, amma bai shiga cikin gaɓar ba. Gwiwa ce gaɓa mafi girma a jikin mutum, sai dai zamanta ba mai gindi ba ne. Dubi gaɓar ƙugu: can kan ƙashin cinya ya shige rami ya zauna daram, kamar taɓarya a turmi. A gwiwa babu turmi. Ƙarshen ƙashin cinya dunƙule biyu ne masu zagaye, suna zaune a kan ƙashin ƙwauri wanda samansa kusan a baje yake, kamar ka ɗora lemo biyu a kan faifai. Sauran kayan da ke cikin gwiwa duk aikinsu ɗaya ne, su hana lemon nan gangarewa alhali ana tafiya da faifan.

Farin abin nan mai sheƙi shi ne guringuntsi, kuma a kansa matsalar Hajiya take, don haka zan ɗan daɗe a nan. Kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai, wajen kashi 70 cikin 100 nasa kuwa ruwa ne. In guringuntsi ya hau guringuntsi da ruwan gaɓa a tsakani, santsinsu ya fi na ƙanƙara a kan ƙanƙara. Amma yana da wani hali da ya bambanta shi da fata ko tsoka: jini ba ya shiga cikinsa, jijiyar jin zafi ma babu. Rashin jijiyar shi ya sa kake taka ƙasa sau dubbai a rana ba ka jin komai. Rashin jinin kuma shi ya sa in ya lalace ba ya tofowa kamar yadda fata ke haɗewa. Tun a 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau ba mu yi wa wannan magana nisa sosai ba.

To abin da jini ba ya kai masa abinci, da me yake rayuwa? Da motsi. Guringuntsi kamar soso yake a cikin ruwa. In ka taka ƙafa nauyinka ya matse shi, ruwan cikinsa ya fita da dattin da ya tara. In ka ɗaga ƙafar ya saki, ya zuƙi sabon ruwan gaɓa mai ɗauke da abinci. Kowane taku ciyarwa ce. Gwiwar da aka sa wa filasta makonni, ko ta wanda ya daɗe kwance a gado, guringuntsinta laushi yake yi ya sirance. Ka ga ke nan wanda ya ce Hajiya ta zauna wuri ɗaya don ta adana gwiwa, yunwa ya haɗa ta da ita.

Shi kuwa ruwan, wani tantani ne da ya lulluɓe cikin gaɓar yake tace shi daga jini, ya zuba masa sinadarin da ke sa shi yauƙi. Ba daga ciki yake gangarowa ba. Yauƙin kuɓewa a hanji yake narkewa kamar kowane abinci, babu bututun da ya haɗa tumbi da gwiwa. Gaskiyar da ke cikin maganar mai kemis ba ta wuce wannan ba: a gwiwar da ta tsufa da ciwo ruwan yakan tsinke, yauƙinsa ya ragu. Tsinkewa daban, ƙarewa daban.

Abubuwan nan biyu masu kama da jinjirin wata, a asibiti meniskus muke ce musu, ni kuwa gammo nake kiran su in ina yi wa marasa lafiya bayani, don aikin gammo suke yi. Ɗaya yana ɓangaren ciki, ɗaya yana waje. Suna yi wa faifan nan ɗan zurfi don lemon ya zauna, suna kuma baza nauyi kada ya taru a wuri ɗaya. Na ciki ya fi yagewa domin a ɗaure yake, ba ya iya kaucewa in an murɗa ƙafa. Gefensu na waje kaɗai ke samun jini, shi ya sa yagewar gefe takan warke in an ɗinke, ta tsakiya kuwa da wuya. A da likitoci cire gammon suke yi gaba ɗaya in ya yage, suna ganin ba shi da wani amfani, sai a 1948 wani likitan Ingila mai suna Fairbank ya nuna a hotunan ƙashi yadda gwiwar da aka cire wa gammo take lalacewa daga baya. Yanzu iya abin da za a iya ceta, ceta shi ake yi.

Kafin in zo kan igiyoyi, akwai abin da ke ba mu wahala a ɗakin duba marasa lafiya. Hausa ta haɗa abubuwa huɗu a kalma ɗaya: hanyar jini jijiya, mai kai saƙon zafi jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya. Mutum ya ce maka jijiya ke damunsa, sai ka yi ta tambaya kafin ka gane wacce. Don haka masu ɗaure ƙashi da ƙashi zan ce musu igiyoyi.

Manyansu huɗu ne. Biyu suna gefe da gefe, suna hana gwiwa buɗewa ciki ko waje. Biyu suna tsakiya a gicciye, su ne ka gani wajen mahauci. Ta baya ta fi kauri, tana hana ƙwauri zamewa baya, kuma mun fi ganin ta tsinke a hatsarin mota ko babur, inda ƙwauri ya daki wani abu alhali gwiwa na lanƙwashe. Ta gaba ita ce masu kallon ƙwallo ke ji ana kira ACL. Tsawonta bai kai santimita 4 ba, faɗinta wajen santimita 1, amma ita ke hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa. Sau da yawa tana tsinkewa ba wanda ya taɓa mutum: ya kafa ƙafa a ƙasa, jiki ya juya, ya ji wani abu ya ce ɗas, cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta cika da jini. Wani lokaci kuma karo ne, kamar yadda ya faru da Virgil van Dijk na Liverpool a wasansu da Everton a Oktoban 2020, wanda bai sake buga wasa ba a wannan kakar. Igiyar nan ma ba ta haɗewa da kanta yadda ya kamata, sai dai a yanko jijiyar tsoka daga wani wuri a dasa, sannan a yi wata tara ko fiye ana gashi da motsa jiki. Kada ka ɗauka ma an gama sanin gwiwa: a 2013 likitoci a Beljiyam suka fito da cikakken bayanin wata ƙaramar igiya a gefen waje, wadda wani likitan Faransa, Paul Segond, ya ambata tun 1879 aka bar maganar.

Yanzu ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka saki jiki. Kama ƙoƙon gwiwarka da yatsu biyu, za ka ga yana motsi hagu da dama. Ka ɗaure cinyarka, nan take zai ƙame ya hau sama kaɗan. Dalili shi ne ƙoƙon a cikin jijiyar tsokar cinya yake zaune. Tsokoki huɗu ne a gaban cinya, suka haɗu suka zama jijiya ɗaya, ta bi ta kan ƙoƙon ta kama ƙwauri a ɗan tudun nan da ke ƙasan gwiwa. Ƙoƙon yana ɗaga jijiyar daga jikin gaɓa don tsoka ta sami ƙarfin ja, kamar yadda guga ta fi sauƙin ja in igiyar ta bi ta kan gungumen bakin rijiya. Jariri da guringuntsi ake haifarsa a wurin, ba ya zama ƙashi sai tsakanin shekara 3 zuwa 6. Guringuntsin bayan ƙoƙo shi ne mafi kauri a jiki, yakan wuce milimita 5, saboda matsin da yake sha. In jijiyar ƙasan ƙoƙon ta tsinke, ƙafa ba ta miƙewa sam. Ita ce ta tsinke wa Ronaldo na Burazil a Afrilun 2000, 'yan mintoci da shigarsa wasan Inter da Lazio, ya kuma dawo ya ci ƙwallo 8 a gasar kofin duniya ta 2002.

Tsokar nan ta gaban cinya ita ce uwar ɗakin gwiwa. Igiyoyi suna tare gaɓa ne in ta kai maƙura, amma riƙon yau da kullum na tsoka ne: ta gaban cinya, uku na bayan cinya, dambubu, har da na ɗuwawu. Ita ke karɓar nauyi in kana saukowa daga bene ko kana sunkuyawa zuwa sujada. Bahaushe da ya kira himma ƙarfin gwiwa, ya kira karaya sanyin gwiwa, da ya ce ƙarfin cinya da ya fi dacewa da abin da muke gani a asibiti. Kuma tsokar nan saurin zubewa gare ta. Gwiwa ta kumbura ko ta yi ciwo 'yan makonni, sai ka auna cinyar ka ga ta fi 'yar'uwarta sirantaka.

Gwiwa ba naɗewa da buɗewa kawai take yi kamar askar wanzami ba. Tana mirginawa, tana zamewa, tana kuma ɗan juyawa. In ka miƙe ta sosai, a ƙarshen miƙewar ƙwauri yakan ɗan murɗa waje, gaɓar ta kulle kanta, igiyoyi su ɗaure. Shi ya sa za ka iya tsayuwar tarawihi ko ta layin banki ba tare da cinya ta gaji da wuri ba. Wata 'yar tsoka a bayan gwiwa ce ke buɗe makullin in za ka lanƙwasa. Tafiya a fili tana buƙatar lanƙwasa ta wajen digiri 60, tashi daga kujera wajen 90, zaman tahiya da cikakken tsugunno kuwa sukan kai 150 ko su wuce, wato ƙarshen abin da gwiwa za ta iya. Ba mamaki nan Hajiya ta fara jin abin. Sallah ba ita ta ɓata mata gwiwa ba, ita ce dai ta fara tona asirin ciwon.

Ga kuma nauyi. Kowane taku a fili, gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a bene ya wuce haka. Mai kilo 80 gwiwarsa na karɓar wajen kilo 200 a taku ɗaya. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 a kan dattawa masu ƙiba da ciwon gwiwa ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage, gwiwa tana samun sauƙin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Ban ga Hajiya ba, amma shekarunta da yadda ka kwatanta sun fi kama da amosanin gaɓɓai na zaizayar guringuntsi, wanda mutane ke kira sanyin ƙashi, kuma ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Guringuntsi ya sirance, galibi ta ɓangaren ciki inda nauyi ya fi sauka, ƙashin ƙarƙashinsa ya yi tauri ya fitar da 'yan ƙahonni a gefe, tantani ya harzuƙa ya zubo ruwa. In abin ya yi nisa ƙafar takan lanƙwashe kamar baka. Da safe gaɓar takan sage, amma kafin rabin sa'a ta saki. Tun da guringuntsi ba ya jin zafi, ciwon daga ƙashi da tantani da tsokar da ta gaji yake fitowa. Shi ya sa hoto da ciwo ba sa tafiya tare ko da yaushe. Na ga hoton da ya yi muni mai shi yana zuwa gona, na ga mai ɗan sauƙi mai shi ba ya barci. Ba za mu iya mayar da guringuntsin ba, amma tsoka a hannunmu take, ko a shekara 80 tana karɓar horo.

Ga abin da za ta fara da shi. Ta zauna a tabarma ta jingina da bango, a naɗe tawul a sa ƙarƙashin gwiwar. Ta danna tawul ɗin da bayan gwiwa har diddigenta ya ɗaga, ta ƙirga goma, ta sauke a hankali. Sau goma, safe da rana da dare. Ka ɗora tafin hannunka a cinyarta, sama da ƙoƙon ta ɓangaren ciki, ka ji ko tsokar tana tauri, don da yawa numfashi kawai suke riƙewa su ɗauka sun yi. Bayan mako biyu a ƙara da tashi da zama daga kujera mai tsayi ba tare da dafa hannu ba. Tafiya kuma kullum, ko minti goma ne a tsakar gida, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ɗan ciwo lokacin motsi ba alamar ɓarna ba ce, muddin ya lafa kafin washegari. In ya kwana ya wuni ko gwiwa ta kumbura, a rage, kada a daina. Sakamakon sai an yi wata biyu zuwa uku, ku gaya mata tun yanzu kada ta yi sanyin gwiwa a mako na biyu.

In za ta riƙe sanda, a hannun hagu za ta riƙe tun da gwiwar dama ce, yawancin mutane juyawa suke yi. A bene ta fara hawa da lafiyayyar ƙafa, ta fara sauka da mai ciwon. Masai na tsugunno a sama mata kujera mai rami a ɗora a kai. Batun sallah, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, malamai za su yi mata bayanin yadda ake yi. Roƙona dai kada kujerar ta zama dalilin da gwiwa za ta daina lanƙwasawa sauran yinin.

Magani na shafawa irin diklofenak ya fi mata aminci a kan na haɗiya. Ƙwayoyin kashe zafi irin wannan, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle in tana da hawan jini ko ciwon suga. Abin da na fi tsoro shi ne haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna, wanda sau da yawa akwai deksametason a ciki. Kwana biyu mutum ya ji garau, wata shida fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Allurar cikin gaɓa tana ba da sauƙi na 'yan makonni, ba a maimaita ta barkatai. Aikin wanke gwiwa da na'urar leƙe ba ya maganin irin wannan ciwo: a 2002 a Houston an gwada shi a kan mutum 180, waɗanda aka yi wa yankan fata kawai ba a taɓa cikin gaɓar ba suka sami sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa aikin. In komai ya gaza, ciwo ya hana barci, akwai canjin gwiwa da ƙarfe da roba, yawancinsu suna wuce shekara 15, sai dai zaman tahiya a ƙasa da wuya ya dawo bayansa.

Taka gwiwar kuwa Malam, ƙara ba ciwo, ba kumburi, ba sarƙewa, ba abin damuwa ba ce. Kumfar iska ce ke fashewa a cikin ruwan gaɓa, ko jijiyar tsoka ta goga ƙashi ta wuce. Ranar da ta sarƙe ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa zubar da kai kana tafiya, sai ka zo a duba gammo da igiyoyi.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su. Gwiwar da ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a taɓa ta, ƙwayar cuta ce ta iya shiga gaɓar, kuma cikin kwanaki take cinye guringuntsi. Gwiwar da ta goce a hatsari, ko da ta koma da kanta, a kai asibiti a ranar, domin babbar hanyar jinin ƙafa a bayan gwiwa ta bi, manne da ƙashi. Wata jijiya mai kai saƙo kuma ta zagaya wuyan siririn ƙashin nan na waje, daf da fata, in ɗauri ya matse ta tafin ƙafa sai ya saki ya riƙa jan ƙasa. Na san masu ɗori da suka iya aikinsu, amma na karɓi yaran da aka tamke wa ƙafa da kara da tsumma har yatsu suka yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu bayan ɗori, a kwance nan take. Yaron da ke ɗingishi yana nuna gwiwa kuma a duba ƙugunsa, musamman mai sikila, don ciwon ƙugu yakan sauko ya fito a gwiwa.

In za ku kai Hajiya asibiti, ku nemi a ɗauki hoton gwiwar tana tsaye, ba a kwance ba, don sai nauyi ya hau gaɓar ake ganin yadda guringuntsi ya rage. Ku tafi da duk magungunan da take sha, har na ledar, ta kuma sa zane ko wandon da zai naɗe sama da gwiwa. Ka gaida ta da jiki.